Bitar ɗaukar hoton tafiye-tafiye: a rage zaman aji, a ƙara fita titi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in tofa albarkacin bakina a kan wani abu da ya yawaita a manyan birane a 'yan shekarun nan, wato bitar ƙarshen mako da ake shirya wa masu son koyon ɗaukar hoton tafiye-tafiye da kyamarar zamani. Ana shiga ranar Asabar da safe a tashi ranar Lahadi da yamma, kuma sau da yawa sanarwar da ake yi tana ɗaukar alkawarin da ya fi ƙarfin kwana biyu. Wannan ya sa mutane suka rabu gida biyu: wasu na ganin asarar kuɗi ce tunda darussan suna nan a intanet kyauta, wasu kuma suna shiga da tsammanin za su fito ƙwararru. Na halarci irin wannan bita, kuma ra'ayina shi ne tana da amfani ƙwarai da gaske, sai dai amfanin ya taru ne a wurare biyu: sa'o'in da ɗalibi ya yi yana tafe a titi da kyamara a hannu malami na gefensa, da zaman da ake yi daga baya ana haska hotunansa a bango ana gaya masa gaskiya. Duk bitar da ta ƙarar da lokacinta a kan zancen kayan aiki da rabon takardar shaida ta tauye haƙƙin waɗanda suka biya kuɗinsu.

Bari in fara da kayan aikin, domin su ne suka fi ɗauke hankalin sabon shiga alhali su ne ƙaramar matsalarsa. A shekarar 1975 wani injiniyan kamfanin Kodak mai suna Steven Sasson ya haɗa kyamarar dijital ta farko da za a iya ɗauka a hannu. Nauyinta ya haura kilo uku da rabi, hotonta fari da baƙi ne mai ɗigo 10,000 kacal, kuma sai ta ɗauki daƙiƙa 23 kafin ta naɗe hoto ɗaya a kan kaset. Yau wayar da ke aljihun ɗan makaranta tana ɗaukar hoto mai ɗigo miliyan 12 ko fiye kafin ƙiftawar ido, alhali ɗigo miliyan 9 sun isa a buga hoto tsaf a takarda mai girman A4. Wayar ce ma ta durƙusar da kasuwar ƙananan kyamarori, domin alƙaluman ƙungiyar masu ƙera kyamara ta Japan sun nuna an fitar da kyamarorin dijital sama da miliyan 120 a 2010, amma a 2020 ba su kai miliyan 10 ba. Kusan duk wanda ya shigo ajin, ke nan, yana riƙe da na'urar da ta fi ƙarfin iliminsa nesa ba kusa ba. Malamin kirki yakan duba abin da kowa ya zo da shi, ya ce ya isa, ya wuce ga aiki. Wanda kuwa ya buɗe darasi da jera sunayen kyamarori masu tsada da gilasan da ya ce lallai a saya, musamman idan an ajiye teburin sayar da su a bayan aji, ciniki ya kawo shi, kuma ya kamata ɗalibai su gane hakan tun da safe.

Abin da ya cancanci safiyar Asabar shi ne ɗalibi ya karɓi ragamar kyamararsa, ya daina barinta tana yanke hukunci ita kaɗai. Hoto haske ne da aka auna, kuma abubuwa uku ne ke auna shi. Akwai faɗin ƙofar da haske ke bi ta cikin gilashin kyamara, wanda ake rubutawa f/2.8, f/4, f/5.6, f/8, f/11, f/16. Lambar tana ƙaruwa ƙofar tana tsukewa, kuma kowane mataki yana rage hasken da rabi. Akwai tsawon lokacin da marfin kyamara zai kasance a buɗe, kashi ɗaya cikin 60 na daƙiƙa, ko cikin 125, ko 250, ko 500. Sai kuma ISO, wato yawan ƙarfin da ake ƙara wa abin da farantin karɓar haske ya kama. Malaminmu ya kwatanta abin da tarar ruwa a famfo: ko ka buɗe famfon sosai na ɗan lokaci, ko ka buɗe kaɗan ka daɗe kana jira, bokitin dai zai cika. Sai dai a hoto hanyar da ka bi ka cika tana canza kamannin abin da ka samu, kuma a nan ilimin yake. Buɗaɗɗiyar ƙofa ta f/2.8 takan fito da fuskar mutum tar ta narkar da abin da ke bayansa. Matsattsiya ta f/8 ko f/11 takan sa titi ya fito sarai daga gaba har ƙurya. Kashi ɗaya cikin 250 na daƙiƙa yakan tsayar da mai tafiya cak, kashi ɗaya cikin 15 kuwa yakan ja motar da ke wucewa ta zama zare-zaren launi. Wanda ya riƙe kyamara da hannu da gilashin jawo nesa mai milimita 200 ya bar marfin a buɗe fiye da kashi ɗaya cikin 200, rawar hannunsa za ta bayyana a hoton. Wanda ya ɗaga ISO sama ƙwarai zai samu haske a cikin duhu, amma zai biya da ɗige-ɗigen da ke ɓata santsin hoto. Tsofaffin masu hoto ma suna da ƙa'idar da suka haddace tun zamanin fim: a rana tsaka mai ƙarfi, f/16 da ISO 100 da kusan kashi ɗaya cikin 100 na daƙiƙa za su ba ka haske daidai ko da ma'aunin kyamara ya mutu.

Mai cewa duk wannan yana intanet bai yi ƙarya ba. Abin da intanet ba ya yi shi ne ya tsaya a bayanka ya ga inda yatsanka ya ɓata. Malaminmu ya kai mu bakin wata hanyar ƙafa da ta bi ta ƙarƙashin babban titi, inda mutane ke fitowa daga duhu zuwa hasken rana, ya ce kowa ya jira mai farar riga ya ɗauke shi. Kusan kowa ya samu abu ɗaya: bangon ramin ya fito da haske fiye da yadda ido ke ganinsa, farar rigar kuwa ta ƙone ƙurmus, babu zare babu ninki. Sai ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana bayani cewa ma'aunin haske na kyamara bai san dare bai san rana ba, ƙoƙarinsa kullum shi ne ya mayar da duk abin da ke gabansa launin toka matsakaici. Da ya ga duhu ya yi yawa sai ya ƙara haske, rigar ta tafi a banza. Ya sa kowa ya murza maɓallin rage haske mataki ɗaya, ya kuma buɗe jadawalin haske da ke bayan kyamara, wanda ke nuna duhu a hagu haske a dama, ya nuna mana cewa idan tudun jadawalin ya manne da bangon dama, abin da ke wurin ya ɓace har abada. A ɗauka ta biyu ramin ya koma baƙi kamar yadda yake, rigar ta fito da ninkinta, mutumin ya tsaya shi kaɗai a cikin haske. Wata dattijuwa da ta zo da kyamarar da 'ya'yanta suka saya mata ta daɗe tana kallon allon kafin ta ce ashe laifin ba na kyamarar ba ne. Gani ya kori ji, kuma wannan darasin shi ne zai cece ta ranar da ta tsaya gaban farin yashi ko ƙanƙara, inda ma'aunin ke yin akasin haka ya dusashe farin, a buƙaci ƙara haske maimakon ragewa.

Babban birni aji ne mai kyau ga wannan sana'a saboda ya tara kusan duk matsalolin da matafiyi zai haɗu da su a ko'ina. Akwai dogayen gine-gine da ke karkata baya idan ka ɗaga kan kyamara, sai ka koyi ja da baya ko neman tudu. Akwai tashar jirgin ƙasa mai fitilu ruwan ɗorawa a ciki da hasken rana yana shigowa ta taga, inda ɗalibi zai gane cewa haske ma yana da launi: a ma'aunin launin haske da ake kira Kelbin, tsohon ƙwan fitila yana wajen 2,700 zuwa 3,200, rana tsaka wajen 5,500, inuwa kuwa ta haura 7,000 tana ɗaukar shuɗi-shuɗi, kuma ido yana gyara wannan da kansa amma kyamara sai an gaya mata. Akwai cunkoson jama'a, da gilasai masu mayar da hoto, da lungu mai duhu kusa da fili mai ƙyalli. Wanda ya iya shawo kan waɗannan a titin da ya sani, ba zai ruɗe ba a titin da bai sani ba.

Lokacin fita ma darasi ne, kuma a nan nake ganin masu shirya bita da yawa suna yin sakaci domin sauƙin kansu. Sukan tsara jadawali irin na ofis, a fita titi ƙarfe goma sha ɗaya a dawo ƙarfe biyu, wato daidai lokacin da rana ke tsaye a ka, tana zuba inuwa a kwarmin ido da ƙarƙashin hanci, tana wanke launi daga bango. Hasken da ke ba gini siffa shi ne na hantsi na farko da na la'asar sakaliya, lokacin da rana ke zuwa daga gefe tana fito da kowane tsagi da tudu. Jim kaɗan bayan faɗuwarta kuma akwai ɗan lokacin da sararin sama bai gama duhu ba, fitilun birni sun kunnu, ƙarfin hasken biyu ya zo daidai, kuma yawancin kyawawan hotunan birane da dare a wannan taƙin ake ɗaukarsu. Matafiyi yana buƙatar ya san cewa tsawon wannan dama ya danganta da inda yake a duniya. Kusa da tsakiyar duniya rana tana faɗuwa kusan a tsaye, shi ya sa cikin minti ashirin da 'yan kai duhu ya fara rufewa. A arewacin Turai lokacin zafi kuwa tana gangarawa a karkace, hasken ya ninka haka ko fiye. Bitar da ba ta tayar da ɗalibanta da asuba ko sau ɗaya ba, ko ba ta riƙe su har bayan faɗuwar rana ba, ta bar rabin darasin a ƙasa.

Game da tsara abin da zai shiga hoto, ana koyar da ƙa'idar raba fili gida uku a tsaye da kwance a ajiye abu mai muhimmanci inda layukan suka haɗu. Tsohuwar ƙa'ida ce ta masu zane, wani Bature ɗan Ingila mai suna John Thomas Smith ya rubuta ta tun 1797, kuma tana taimakon sabon shiga ya daina dasa komai a tsakiya. Amma ban ga dalilin ɓata mata fiye da rabin sa'a ba. Abin da ya fi ta amfani shi ne ɗalibi ya saba da zagaya idonsa gefe huɗu na allo kafin ya latsa, domin a gefen ne turken lantarki ke tsirowa daga kan mutum, a gefen ne ake yanke ƙafa ko rabin mota. Sai kuma tafiya da ƙafa maimakon zuƙowa daga nesa, da durƙusawa, da hawa matakala. Henri Cartier-Bresson, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masu hoto ta Magnum a 1947, ya zagaya ƙasashe da dama yana aiki galibi da gilashi ɗaya mai milimita 50. Malami mai hikima yakan hana ɗalibai taɓa zuƙo na tsawon sa'a guda, ya ce kowa ya nemi wuri mai kyakkyawan haske ya tsaya a nan har wani abu ya shigo. Jiran nan yana da wuya ga mai zumuɗi, amma shi ne bambancin wanda ya ga wuri da wanda ya bi ta wurin kawai.

Yanzu na zo kan abin da ya fi damuna, Malam Edita, wato mutanen da ke cikin hoton. Hoton tafiye-tafiye yana da tarihin da ya kamata kowane malami ya gaya wa ɗalibansa. Tun shekaru goma bayan da aka bayyana fasahar ɗaukar hoto ta Daguerre a Faransa a 1839, wani Bafaranshe mai suna Maxime Du Camp ya tafi Masar daga 1849 zuwa 1851 yana ɗaukar tsofaffin gine-gine. Domin a gane girmansu yakan sa wani ma'aikacin jirgin ruwansa ɗan Nubiya ya tsaya a gefe, kuma tunda hoto a lokacin yana buƙatar dogon tsayuwa ba motsi, shi da kansa ya rubuta cewa ya gaya wa mutumin bututun kyamarar igwa ce da za ta harbe shi idan ya motsa. Daga baya aka shiga zamanin katunan gaisuwa na mulkin mallaka, inda aka buga hotunan mutanen Afirka da Asiya dubbai ba suna ba izini, aka rubuta musu nau'i a ƙasa kamar ba 'yan Adam ba. Wannan ɗabi'a ba ta mutu ba. Tana nan a hannun duk matafiyin da ya ga tsoho mai tamoji a fuska ko yaro mai yagaggiyar riga ya ɗaga kyamara ba sallama, ya wallafa hoton a Instagram, ya tafi. Ba sai Bature ne ke yin haka ba. Kowa yana iya yi wa talakan wata ƙasa, ko na birninsa.

Saboda haka ina ganin wajibi ne bita ta ware lokaci na musamman a koyi yadda ake tunkarar baƙo. A tamu an ba kowa aikin ya samo hoton mutum ɗaya da bai sani ba, da izininsa, ya kuma dawo da bayanin sana'arsa. Na ga wani matashi, injiniya ne mai baki a aji, ya yi ta kai da komowa gaban wani mai gyaran agogo ya kasa ƙarasawa, har malamin ya je ya tsaya kusa da shi ya ce ya rataye kyamarar a kafaɗa tukuna, ya gaishe da mutumin, ya tambaye shi abin da yake gyarawa. Suka ɗan daɗe suna magana a kan wani agogo da aka buɗe cikinsa. Da ya nemi izini mai gyaran ya ce to, ya mayar da madubinsa ido ya ci gaba da aiki, kuma hoton da ya fito, hannaye biyu da ɗan ƙaramin ƙarfe a tsakanin yatsu, shi ne aka fi daɗewa a kansa washegari. Matashin ya juya masa allon ya gani kafin ya tafi. Ƙa'idojin ba su da yawa: a gaisa kafin a ɗauka, wanda ya ce a'a an gama, yaro sai da yardar iyayensa, mara lafiya da mai bara da mai makoki a bar su da mutuncinsu, wurin ibada a tambaya kafin a ciro kyamara, kuma wanda aka yi wa alkawarin aika hoto a aika masa.

Akwai kuma doka, wadda ba ta karɓar uzurin rashin sani. Ƙasashe da yawa sun hana ɗaukar barikin soja da shingen bincike da wasu sassan filin jirgin sama. A Faransa mutum yana da haƙƙi a kan hoton fuskarsa, kuma fitilun da ke haska hasumiyar Eiffel da dare suna da haƙƙin mallaka, ta yadda amfani da hotonsu domin kasuwanci yana buƙatar izini. A ɗakin ibada na Sistine da ke Batikan an hana ɗaukar hoto gaba ɗaya. A Maroko jami'an kwastam suna riƙe ƙaramin jirgi marar matuƙi idan matafiyi ya shigo da shi ba takardar izini. Malami ba zai iya karanta wa ɗalibai dokar kowace ƙasa ba, amma zai iya dasa musu ɗabi'ar bincika ta kafin su sayi tikiti.

Yinin Lahadi, a ganina, shi ne abin da aka biya kuɗi dominsa. A zamanin fim naɗi ɗaya hoto 36 yake ɗauka, kuma kowace latsawa kuɗi ce, shi ya sa mai hoto yake tunani kafin ya latsa. Francis Frith, mai hoto ɗan Ingila wanda ya yi tafiye-tafiye zuwa Masar da ƙasashen kusa da ita tsakanin 1856 da 1860, sai da ya ɗauki faranta na gilashi da sinadarai da ɗakin duhu na tafi-da-gidanka, ya shafa kowane faranti ya wanke shi nan take cikin zafi. Yau kati ɗaya yana ɗaukar dubbai, kuma cutar da wannan sauƙi ya haifar ita ce mutum ya dawo daga tafiya da hotuna jingim waɗanda shi kansa ba zai sake dubawa ba. Maganin shi ne zaɓe, kuma zaɓe ba ya koyuwa sai a gaban mutane. Aka ce kowa ya fitar da biyar daga duk abin da ya ɗauka. Aka kashe fitila, aka kunna majigi, hoton kowa ya cika bango, malamin ya riƙa tambaya ɗaya: me ka gani da ya tsayar da kai a nan? Wanda ya amsa da cewa wurin ne ya yi kyau, sai a nuna masa cewa hotonsa ma bai san abin da yake nufi ba. Wanda ya ce inuwar matakala ce ta ja shi, sai a tambaye shi me ya sa ya bar rabin allon ga sararin sama. A nan mutum ke gane cewa hoton da ya fi so, saboda wahalar da ya sha kafin ya same shi, mai kallo bai san da wahalar ba. A nan kuma ake koyon cewa labarin wuri yana buƙatar hoto mai faɗi da ke nuna inda ake, da na kusa da ke nuna mutum a bakin aikinsa, da na dab da ke nuna hannu ko rubutun bango. Yabon abokai a Facebook ba ya koyar da wannan, domin aboki ba ya son ya ɓata maka rai. Malamin da ya yaba wa kowa domin a rabu lafiya ya cuci ajin, haka ma wanda ya wulaƙanta sabon shiga domin ya nuna ƙwarewa.

Gyaran hoto a kwamfuta yana da wurinsa, amma a taƙaice. Ya kamata ɗalibi ya san bambancin JPEG da RAW, wato hanyoyi biyu da kyamara ke adana hoto: na farko kyamara ta riga ta dafa shi ta matse, matakan haske 256 ne a kowane launi, na biyu kuwa ɗanye ne mai matakai 4,096 ko 16,384, shi ya sa ake iya ceto inuwa da gyara launin haske daga baya ba tare da hoton ya farfashe ba, sai dai yana cin wuri a kati. Ya kamata kuma a gaya masa inda iyaka take. Ƙara haske da daidaita launi da yanke gefe gyara ne. Goge mutum ko dasa sararin saman wani wuri ƙirƙira ce, kuma wanda ya nuna ta a matsayin abin da ya gani ya yi wa mai kallo ƙarya. A gasar hotunan 'yan jarida ta World Press Photo ta 2015 an fitar da kusan kashi 20 cikin 100 na hotunan da suka kai zagayen kusa da ƙarshe saboda an taɓa su fiye da kima. Matafiyi ba ɗan jarida ba ne, amma shi ma shaida yake bayarwa a kan wuraren da wasu ba za su taɓa zuwa ba.

Ƙananan dabarun hanya rabin sa'a ya ishe su, kuma suna ceton tafiya guda. Batiran lithiyam na ajiya a jakar hannu ake sa su, dokar jiragen sama ta hana zuba su a kayan da ake aunawa. Sanyi yana zuƙe batir da wuri, sai a ajiye na biyu a aljihun ciki. Wanda ya fito daga ɗaki mai na'urar sanyaya iska zuwa waje mai zafi da laima zai ga gilashinsa ya yi raɓa, maganin shi ne ya bar kyamarar a rufe cikin jaka har ta ɗauki ɗumin waje. Canza gilashi a wuri mai ƙura yana sa datti ya zauna a kan farantin karɓar haske, ya fito a kowane hoto a gurbi ɗaya. Hotuna kuwa ba a barinsu wuri ɗaya: kwafi uku, a kan na'urori iri biyu, ɗaya daga ciki nesa da sauran, misali a ma'ajiyar intanet. A kuma tuna cewa waya tana iya liƙa wa hoto bayanin ainihin inda aka ɗauke shi, saboda haka wanda ya aika hoton gidan da ya sauka yana iya aikawa har da adireshin.

Ga mai niyyar biyan kuɗi, shawarata ita ce ya tambayi masu shiryawa kafin ya biya: ɗalibai nawa ne a hannun malami ɗaya, domin idan sun haura goma sha biyu ba zai leƙa allon kowa ba, sa'o'i nawa za a yi a titi kuma da wane lokaci, ko akwai zaman duba hotuna da za a tsaya a kan aikin kowa, kuma ina hotunan malamin na kansa, a gani. Ya karanta littafin kyamararsa kafin ranar, ya cika batir, ya share kati, ya sa takalmin da zai iya yini a cikinsa. Ga masu shiryawa kuwa, roƙona shi ne su daina rubuta a sanarwa cewa mutum zai zama ƙwararre a kwana biyu, su mayar da lokacin bikin rabon takarda ga zaman duba hotuna, su kuma ƙara zama ɗaya bayan wata guda, ko da ta intanet ne, inda kowane ɗalibi zai kawo hotuna goma da ya ɗauka shi kaɗai ba malami a gefensa, a duba a ga abin da ya zauna da abin da ya zube.

Na gode da wannan fili da ka ba ni.

Naka,
Wani mai karanta jaridarku